Bin Sawun Mara Lafiya Ta Bayanan Asibiti: Jagora Ga Masu Son Rage Wahalar Jinya

Kowane asibiti yana da tsarinsa a rubuce: a yanki kati, nas ta auna zafin jiki da hawan jini, a ga likita, a je gwaji, a dawo da sakamako, a karɓi magani, a koma gida. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa ya san ba haka abin yake tafiya ba. Akan je ɗakin gwaji a ce sai da rasit, a koma wajen kashiya a tarar da layi, a dawo a ce mai ɗibar jini ya fita, sakamako kuma ya fito bayan likitan da ya rubuta gwajin ya tashi daga aiki. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan kai-komon, kuma babu ma'aikaci ɗaya da yake ganinsa gaba ɗaya, domin kowa teburinsa yake kallo. Mara lafiya da mai jinyarsa ne kaɗai suke taka hanyar tun daga ƙofar shiga har ƙofar fita.

Amma duk inda suka tsaya sun bar sawu. An buga lokacin yankar kati a kwamfuta, an rubuta lokacin biyan kuɗi a rasit, na'urar gwaji ta ajiye lokacin da sakamako ya fito. Idan aka tattara sawun mutum dubu, aka jera na kowa bi da bi, manhaja za ta iya zana taswirar hanyar da ake bi a zahiri, ta nuna inda ake cunkushewa da inda ake komawa baya. Wannan shi ne bin sawun aiki. Wil van der Aalst da abokan aikinsa a Jami'ar Fasaha ta Eindhoven da ke ƙasar Holan ne suka rene shi ya zama fanni mai zaman kansa. A 2004 suka wallafa ɗaya daga cikin hanyoyin lissafi na farko da ke zana taswira daga irin waɗannan bayanai, a 2008 kuma aka wallafa binciken da ya gwada dabarar a kan hanyar matan da ake yi wa jinyar ciwon daji a babban asibitin koyarwa na AMC da ke Amsterdam.

Abu ɗaya nake so a riƙe kafin a shiga matakai. Manhajar ba ta san tausayi ba. Da ita za a iya gano inda tsohuwa take shafe awa uku a kan benci, da ita kuma za a iya matsa wa ma'aikata su riƙa sallamar mutane da sauri don kuɗin shiga ya ƙaru. A 2001 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta lissafa siffofi shida na kulawa mai inganci: ta kasance ba ta cutarwa, tana aiki, tana sa mara lafiya a gaba, tana zuwa a kan lokaci, ba ta ɓarna, kuma ba ta fifita wani a kan wani. Bin sawu zai iya taɓa dukkansu, amma sai idan tambayar da kuka fara da ita tambayar mara lafiya ce.

Mataki na 1: Ku tsayar da tambaya guda

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwaso bayanan asibiti gaba ɗaya a zuba a manhaja a ce bari mu ga me zai fito. Abin da zai fito taswira ce da babu mai iya karanta ta.

Ku zaɓi rukunin marasa lafiya ɗaya da wahala ɗaya. Daga isowar yaro mai zazzaɓi da jijjiga sashen gaggawa zuwa allurar farko, minti nawa ne? Mai ciki da ta zo awo, tebur nawa take zagayawa kafin ta ga ungozoma? Cikin waɗanda likita ya tura gwaji, mutum nawa ne ba su taɓa dawowa da sakamako ba? Kowace daga cikin waɗannan tana da mafari, tana da ƙarshe, kuma mai jinya zai fahimce ta ba sai an yi masa bayani ba. Wannan shi ne ma'aunin da nake ba da shawara: idan kuka karanta tambayar ga wanda ke zaune a layi bai gane amfaninta gare shi ba, ku sake ta.

Akwatin ƙorafi da bakin masu gadi da masu shara wurare ne masu kyau na samo tambaya. Su ne suke jin abin da mutane ke faɗa idan sun fito.

Mataki na 2: Izini da amana

Bayanan lafiya amana ce. A Nijeriya Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta wajabta riƙe sirrin mara lafiya. Ghana tana da tata dokar tun 2012, Nijar ma tana da hukumar da ke kula da kare bayanan mutane. Ku samu izinin shugabannin asibiti a rubuce, idan kuma za a wallafa sakamakon, a bi ta kwamitin ɗa'ar bincike.

Kafin fayil ya bar ofishin adana bayanai, a cire suna, lambar waya da adireshi. A musanya lambar kati da wata lamba, jadawalin da ya haɗa lambobin biyu ya zauna a hannun mutum ɗaya a kulle. A mayar da shekaru rukuni-rukuni. Cire suna kaɗai bai wadatar ba: ciwon da ba kasafai ake gani ba, haɗe da ranar zuwa da sunan ƙauye, ya isa a gane mutum. Kada kuma a tura fayil ɗin ta WhatsApp, ko a ɗora shi a wani shafin intanet don a gwada manhaja.

Tawagar ba sai ta yi yawa ba. Likita ko nas da ke aiki a sashen kullum, ma'aikacin adana bayanai, wanda ya iya sarrafa jadawali a kwamfuta, da wani shugaba mai ikon sauya tsarin aiki. Idan babu na ƙarshen, rahoto kawai za a rubuta.

Mataki na 3: Gina kundin aukuwa

Nan ne ƙashin bayan aikin, kuma nan ne mafi yawan lokacinku zai tafi. Kundin aukuwa jadawali ne wanda kowane layinsa abu ɗaya ne da ya faru da mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Ginshiƙai uku ne dole: lambar ziyara, sunan mataki, da lokaci. Ga misalin da na ƙirƙira don bayani:

| Ziyara | Mataki | Lokaci |
|---|---|---|
| 201 | Yankar kati | 08:05 |
| 201 | Awon nas | 08:50 |
| 201 | Ganin likita | 10:40 |
| 201 | Biyan kuɗin gwaji | 11:25 |
| 201 | Ɗibar jini | 12:10 |
| 201 | Fitar sakamako | 14:30 |

A kundi na gaske kowane lokaci yana tafe da kwanan wata. Za a iya ƙara wasu ginshiƙan: sashe, matsayin ma'aikacin da ya yi aikin, rukunin shekaru, jinsi, ko mai inshorar lafiya ne ko mai biya daga aljihu. Za su yi amfani daga baya.

Shawara ta farko da za ku yanke ita ce mene ne "ziyara". Idan tambayarku a kan wahalar yini ɗaya ce, kowane zuwa ziyara ce dabam, ko da mutum ɗaya ne ya zo sau biyar a wata. Idan kuma a kan awon ciki ne, cikin gaba ɗaya shi ne ziyara ɗaya, tun daga rajista har haihuwa, domin abin da kuke son gani shi ne ko ana cika haɗuwa takwas da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016. Ku yi hattara da katin iyali. Idan uwa da 'ya'ya uku suna amfani da lamba ɗaya, manhaja za ta ɗauke su mutum ɗaya ta zana hanyar da babu wanda ya taɓa bi.

Shawara ta biyu ita ce yawan matakai. Kwamfutar ɗakin gwaji tana iya ɗauke da sunayen gwaji ɗari biyu. Idan tambayarku a kan jira ce, ku haɗe su su zama "gwajin jini", "gwajin fitsari", "hoto". Kundin da aka saki don gasar masu bincike ta 2011, daga sashen mata na wani asibitin koyarwa a Holan, yana da marasa lafiya 1,143, aukuwa sama da 150,000, da nau'in matakai fiye da 600. Babu wanda ya iya fahimtar komai a ciki sai da ya haɗe matakan ya rage su. Matakai goma zuwa ashirin sun isa aikin farko.

Shawara ta uku ta fi muhimmanci ga mara lafiya. Idan "ganin likita" yana da lokaci ɗaya tak, ba za ku iya raba zaman jira da zaman dubawa ba. Duk inda zai yiwu ku samo lokaci biyu, na farawa da na gamawa. Abin da ke tsakanin gama wani mataki da fara na gaba shi ne jira, kuma shi ne abin da mutane ke kuka da shi.

Ina za a samo bayanan? Daga manhajar adana bayanan marasa lafiya idan akwai, daga kwamfutar kashiya, ta ɗakin gwaji, da ta ɗakin magani. Jimillar wata-wata da ake shigarwa DHIS2, manhajar da hukumomin lafiya ke tattara alƙaluman asibitoci da ita, ba za ta yi ba, domin tana faɗin mutum nawa aka gani, ba ta faɗin hanyar da kowannensu ya bi. Tsare-tsaren da aka gina a kan manhajar adana bayanan marasa lafiya ta OpenMRS, irin waɗanda asibitoci da yawa ke amfani da su wajen masu karɓar maganin ƙanjamau, suna ajiye bayanan mutum ɗaya-ɗaya, don haka za a iya ciro kundi daga gare su.

Asibitin da yake aiki da takarda ma bai fita daga lissafi ba. A buga 'yar takarda mai layuka, a maƙala a katin kowane mara lafiya, kowane tebur ya rubuta lokacin da mutum ya iso da lokacin da aka sallame shi. A yi haka mako biyu ko uku, har da dare da ƙarshen mako. A daidaita agogon kowa da safe da agogon waya ɗaya. Daga baya a shigar da takardun a jadawali, ko a yi amfani da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox a waya tun daga farko. Wani lokaci irin wannan kundin yakan fi na kwamfuta gaskiya, domin an tattara shi ne musamman don auna lokaci.

Mataki na 4: Ku tuhumi kowane lokaci

Lokacin da ke cikin kwamfuta lokacin da aka buga ne, ba lallai lokacin da aka yi aikin ba. Wannan bambancin ya ɓata bincike da yawa.

Nas mai marasa lafiya talatin ba ta barin wanda numfashinsa ke sarƙewa ta je ta buga kwamfuta. Takan yi allurai, sai aiki ya lafa ta zauna ta shigar da su duka. A kundi za ku ga allurai goma sha biyar cikin minti huɗu, kuma lissafi zai nuna an yi jinkirin awa biyu alhali ba a yi ba. Haka idan wuta ta ɗauke aka koma takarda, aka shigar washegari. Wasu manhajojin kwanan wata kawai suke ajiyewa, sai komai ya fito a ƙarfe 00:00, tsarin gaba da baya ya rikice. Agogon na'urar gwaji yana iya saɓawa da na ofishin kati da minti ashirin. Sannan "magani" a kundi yana iya nufin lokacin da likita ya rubuta, ko lokacin da aka biya, ko lokacin da aka miƙa, ko lokacin da ya shiga jiki. Abubuwa huɗu ne mabambanta, kuma na huɗun ne ya shafi rai.

Ga yadda za ku tace. Ku nemo jerin da ba zai yiwu ba, kamar sakamako kafin ɗibar jini, ko sallama kafin kwanciya, ku ƙirga su. Ku zana yawan aukuwa a kowace awa ta yini. Tudu a daidai lokacin canjin aiki alama ce ta shigarwa a dunƙule. Ku nemo layukan da suka maimaitu. Sannan ku ɗauki ziyara ashirin ko talatin ba tare da zaɓe ba, ku ciro fayilolinsu na takarda, ku zauna da nas ku gwada layi da layi. Wannan zaman ba shi da madadi. Duk abin da kuka cire ko kuka gyara, ku rubuta shi da dalilinsa, domin ranar gabatar da sakamako za a tambaye ku, kuma ya kamata a tambaya.

Kada ku goge ziyarar da ba ta da ƙarshe da sunan tsaftacewa. Wanda ya ga likita aka tura shi gwaji sannan ya ɓace daga kundi, mai yiwuwa shi ne mutumin da kuke nema.

Mataki na 5: Manhaja, da wurin koyon hannu

ProM, wadda aka gina a Eindhoven, kyauta ce amma tana da wuyar sabo. PM4Py na masu rubuta manhaja da harshen kwamfuta na Python ne, bupaR kuma, daga Jami'ar Hasselt ta Beljiyam, na masu amfani da harshen R. Su ma ana samunsu ba tare da biya ba. Disco ta kamfanin Fluxicon ta fi sauƙi ga mai fara koyo: a shigar da jadawali, a nuna mata ginshiƙai ukun, taswira ta fito. Celonis ta Jamus ta manyan kamfanoni ce, ba ita ƙaramin asibiti yake buƙata ba. Ku fi son wadda ke aiki a kan kwamfutarku ba tare da bayanai sun fita waje ba.

Kafin ku taɓa bayanan mutanenku, ku koyi hannu a kan kundin sefsis da Felix Mannhardt ya saki a 2016 a ma'ajiyar bayanan bincike ta 4TU da ke Holan. Sefsis shi ne halin da jiki ke shiga idan martaninsa ga ƙwayoyin cuta ya wuce kima har ya fara lalata gaɓoɓinsa. An ƙiyasta ya kashe mutum miliyan 11 a duniya a 2017. Kundin ya ƙunshi marasa lafiya 1,050 daga wani asibiti a Holan, aukuwa 15,214, matakai 16 kacal: rajista a sashen gaggawa, tantancewa, gwaje-gwajen jini, ƙarin ruwa, allurar kashe ƙwayoyin cuta, kwanciya a ɗaki ko a sashen kulawa ta musamman, sallama, da dawowa.

Matakai 16 ne, amma hanyoyi mabambanta 846 aka bi. Ke nan mafi yawan marasa lafiyan nan kowa da tasa hanyar. Wannan adadin darasi ne babba: asibiti ba masana'anta ba ce, kuma bambancin hanya ba laifi ba ne a karan kansa.

Mataki na 6: Karanta taswira

Taswirar farko za ta fito a cukurkuɗe kamar taliyar da aka juye a faranti. Kada ku karaya. Kowace manhaja tana da hanyar rage layuka. Ku sauke har sai manyan hanyoyi kaɗai sun rage, ku fahimce su, sannan ku riƙa ƙaro ƙananan a hankali. Akwatuna su ne matakai, kibiyoyi su ne wucewa daga wani zuwa wani, kaurin kibiya kuma yawan masu bi ne. Ku duba ta sau biyu: sau ɗaya da adadin mutane, sau ɗaya da tsawon lokaci.

Abu huɗu nake nema a kowace taswira. Na farko, kibiyar da ta fi cin lokaci. Na biyu, komawa baya: kashiya, gwaji, kashiya, hoto, kashiya, magani. Kowace komawa tafiyar ƙafa ce ga wanda ba shi da lafiya, da sabon layi. Na uku, maimaici, kamar a ɗebi jini sau biyu don na farko ya ɓata ko ya lalace. Na huɗu, ƙofofin da mutane ke ɓacewa ta cikinsu.

Ku guji matsakaicin lissafi shi kaɗai. A ce mutum tara sun jira minti 20 kowanne, na goma ya jira awa biyar. Matsakaici zai ba da minti 48, adadin da babu ko ɗaya daga cikinsu da ya jira, kuma ya ɓoye mutumin da ya wuni. Ku jera lokutan daga ƙarami zuwa babba ku ɗauki na tsakiya, sannan ku ɗauki lokacin da tara cikin goma ba su wuce shi ba. Na farko yana faɗin abin da aka saba, na biyu yana faɗin abin da marasa sa'a ke gani. Daga nan ku buɗe kashi goma cikin ɗarin da suka fi daɗewa ku duba su ɗaya-ɗaya. Su waye? Wace rana suka zo?

Yanzu ginshiƙan da kuka ƙara za su yi aiki. Ku raba kundin: dare da rana, ranar aiki da ƙarshen mako, mata da maza, mai inshora da mai biya daga aljihu, na cikin gari da wanda aka turo daga karkara. Idan wani rukuni yana jira ninki biyu a wuri ɗaya, kun gano matsalar adalci, wadda jimillar wata ba za ta taɓa nuna ta ba.

Mataki na 7: Gwada aiki da ƙa'ida

Bayan ganin abin da ke faruwa, sai a gwada shi da abin da ya kamata. A binciken kundin sefsis an duba ƙa'idoji biyu na asibitin: a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya bayan tantancewa, a auna sinadarin laktik a jini cikin awa uku. An kuma duba masu dawowa sashen gaggawa cikin kwana 28. Irin wannan ƙa'ida mai adadi ita ce ta fi sauƙin gwadawa. Ku ɗauko taku daga jagororin da asibitinku ya amince da su, ku rubuta ta a jimla ɗaya mai mafari, ƙarshe da iyaka.

Duk saɓawar da kuka samu tana cikin ɗayan uku. Ko kuskuren shigar da bayani ne, ko likita ya kauce da hujja saboda halin mara lafiya, ko kuma giɓi ne na gaske. Manhaja ba ta iya bambance su, sai wanda yake aiki a ɗakin. Likitan da ya tsallake layin kati ya wuce da mai zubar jini kai tsaye ɗakin tiyata ya saɓa wa taswira, kuma ya yi daidai.

A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi: kada sunan ma'aikaci ya fito a sakamako. Ku yi amfani da matsayi da sashe. Ranar da aka fara kiran mutane ofis saboda lokacin da ke kwamfuta, ranar za a fara buga lokacin da zai faranta wa shugaba rai, kundin kuma ya mutu. Ingila ta ga makamancin haka da ƙa'idar a gama da mara lafiya cikin awa huɗu a sassan gaggawa: bayanai sun nuna tarin marasa lafiya da ake kwantarwa ko sallama a 'yan mintunan ƙarshe kafin awa huɗun ta cika. Mafi yawan jinkiri daga tsari yake, kamar kashiya ɗaya ga sassa biyar, ko mai kai samfurin jini da sai ya tara goma kafin ya tashi.

Mataki na 8: Ku koma wajen masu hanyar

Taswira tana faɗin inda aka tsaya da tsawon tsayuwar. Ba ta faɗin dalili. Awa uku tsakanin rubuta magani da karɓarsa na iya zama layi, na iya zama maganin ya ƙare an fita kemis, na iya kuma zama mai jinya ya koma gida neman rance. Gyaran kowanne dabam ne. Matar da ta ɓace bayan awon nas mai yiwuwa ta ji cewa namiji ne zai duba ta, ko lokacin da maigida ya ba ta ya ƙare. Babu ginshiƙin da zai nuna wannan.

Saboda haka ku buga taswirar a babbar takarda ku kai wa ma'aikatan sashen, ku tambaye su ko haka abin yake, kuma me ya ɓace. Sannan, da izininsu, ku raka wasu marasa lafiya da ƙafa tun daga ƙofa har fita, kuna rubuta abin da kundi bai kama ba: neman ɗaki babu alama, tsayuwa babu wurin zama, tambayar da ba a amsa ba. A bakin ƙofar fita ku yi wa mutane tambayoyi uku da harshen da suke ji, kuma wanda ba ya sanye da kayan aiki ne zai yi: ina ne ya fi ba ku wahala yau, an yi muku bayanin abin da ke damunku, kun san abin da za ku yi idan kun koma gida?

Amsoshin kan sauya abin da za a fara gyarawa. Jiran minti arba'in da aka gaya wa mutum dalilinsa da tsawonsa ya fi sauƙin ɗauka a kan na minti ashirin da bai san ko an manta da shi ba. Akwai kuma lokacin da bai kamata a rage ba ko kaɗan: mintunan da likita yake saurare da bayani. Idan gyaranku ya gajarta wannan don layi ya yi sauri, adadi zai yi kyau, kulawa ta ragu.

Mataki na 9: Gyara ɗaya, sannan a sake aunawa

Ku zaɓi sauyi ɗaya wanda ke cikin ikonku. A haɗe biyan kuɗi ya zama sau ɗaya. A ajiye allurar farko ta gaggawa a sashen, a biya daga baya. A sa mai ɗibar jini kusa da ɗakunan likitoci a lokacin cunkoson safe. A ba nas ikon tura gwajin zazzaɓin cizon sauro tun kafin ganin likita, idan shugabannin sashen sun amince. Kafin a fara, a rubuta abin da ake sa ran zai sauya da kuma nawa, a sa ranar farawa.

Bayan mako huɗu zuwa shida, a ciro sabon kundi da ma'anoni iri ɗaya da tacewa iri ɗaya. Ku lura da yanayi: ba a gwada watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakin yara, da watan Fabrairu, haka zuwan mutane a watan azumi ba irin na sauran watanni ba ne. Ku duba ko cunkoson ya kau ne ko ya matsa zuwa tebur na gaba, domin sakin layin likita yakan tara jama'a a ɗakin magani. Ku sa ido a kan ma'aunin kariya guda: adadin masu dawowa sashen gaggawa cikin kwana uku, ko masu sake kwanciya cikin wata. Idan sallama ta yi sauri amma masu dawowa sun ƙaru, a dakatar da sauyin a sake nazari.

Sakamakon, mai daɗi ko akasin haka, a liƙa shi inda ma'aikata za su gani, a kuma faɗa wa kwamitin al'umma na asibitin. Matakan ciro kundi da tace shi a rubuta su dalla-dalla yadda wani ma'aikacin adana bayanai zai iya maimaitawa duk wata uku ko da wanda ya fara an yi masa canjin wurin aiki. Jadawalin da ya haɗa lambobin kati da lambobin bincike kuwa, a sa masa ranar gogewa tun a takardar izini, a kuma goge shi idan ranar ta zo.